Ranar da Inna ta ɗauki 'yarta baƙuwa

Wata rana, Asabar ce da hantsi, ana tsakiyar sanyi, wata mata mai suna Suwaiba ta buɗe kwalin sabon turare a ɗakinta a Tudun Wadan Zariya.

Tun farkon mako ta saye shi. Mai shagon ya ce mata na lokacin sanyi ne, mai nauyi, in ya kama mayafi sai ya kwana a ciki. Ta shinshina a bayan hannunta, ta ji ƙamshin itace da wani abu kamar kanumfari. Ya yi mata.

Kafin Asabar mura ta kama ta. Hanci ya toshe, murya ta dishe.

Ta fesa, ba ta ji komai ba. Ta ƙara a wuya, ta ƙara a mayafi, ta bi rigar sanyinta gaba da baya. Can ta ɗan ji alamarsa, ta ce a ranta ashe ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ta ɗauki fulas ɗin kunun gyaɗa ta nufi gidansu a cikin birni.

Mahaifiyarta, Inna, ta tsufa. Ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, tunani ma yana zuwa yana komawa. Tana da hawan jini, kuma sai ta sa wani abu a ciki take shan maganinta.

Tun da idon ya tafi, ba ta karɓar abinci ko magani a hannun kowa sai Suwaiba. Hansatu, matar ƙanin Suwaiba da ke zaune da Inna, ta yi lallashi har ta gaji. Shi ya sa Suwaiba ke zuwa safe da yamma, ko da aiki ko babu.

Suwaiba ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. In ta kama dole, sai ta ce "babbarsu". Ba ta taɓa yaba mata ba. Ranar da ta kawo labarin ta gama jami'a, "To" kawai Inna ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Suwaiba ta san kunya ce irin ta iyaye. Sanin bai hana abin zama mata a rai ba.

Ta yi sallama ta shiga ɗakin.

Inna ta ɗaga kai, ta ja numfashi, ta gyara zaman mayafinta.

"Maraba da baƙuwa. Hansatu, a kawo mata tabarma."

"Inna, ni ce."

Muryar ta fito a shaƙe, ita kanta ba ta gane ta ba.

"Sannu, sannu. Ya mutan gidan?"

Suwaiba ta zuba kunu a kofi ta miƙa mata. Inna ta kawar da fuska.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi. Akwai mai kawo mini."

Hansatu ta leƙo daga bakin ƙofa tana tari, ta rage murya.

"Yaya, wanka kika yi da turaren nan? Tun kina zaure ya riga ki shigowa. Ina humrarki?"

Sai a lokacin Suwaiba ta gane.

Humrar nan, Inna ce ta haɗa mata da hannunta lokacin aurenta, da farce da sandal, ta kuma koya mata haɗin. Tun daga nan ba ta sake sa wani turare ba. Ashe da ido ya tafi, kunne ya bi shi, da wannan ƙamshin Inna ke sanin 'yarta ta shigo.

Ta yunƙura za ta tashi ta je ta wanke jikinta, Inna ta laluba ta riƙe gefen mayafinta.

"Zauna mana, baƙuwa. Yanzu za ta zo, ba ta makara."

Suwaiba ta koma ta zauna. Ta matsa kusa da kunnenta.

"Wa kike jira, Inna?"

Tsohuwar ta karkata kai, kamar tana sauraron ko akwai wani a tsakar gida. Sannan ta sunkuyo.

"Tunda ba ta nan, kuma ke ba 'yar gida ba ce, bari in gaya miki. Suwaiba sunanta. Ita ce idona. Ranar da ta gama karatun nan nata, ɗaki na shiga na tura ƙofa na yi ta kuka, don kada a ce ba ni da kunya."

"Kin taɓa gaya mata?"

"'Yar fari? Ai ba a yi. Ke ma kada ki kai mata."

Suwaiba ta kalli kofin da ke hannunta. Shekarunta sun haura arba'in, yau ne ta fara jin sunanta a bakin uwarta.

Ta so ta ci gaba da zama baƙuwa. Inna ta buɗe baki, kuma da alama akwai saura.

Amma rana ta ɗaga. Lokacin magani ya wuce, kunu yana hucewa.

Ta zare mayafinta daga hannun Inna a hankali ta ce, "Bari in gudu, Inna. Allah ya ƙara lafiya."

"Ki gaida gida."

Hansatu ta juye mata ruwan zafi. Suwaiba ta cuɗa jikinta da sabulu, Hansatu ta shinshina wuyanta ta girgiza kai, ta koma ta sake. Mai shago bai yi ƙarya ba, turaren yana kama jiki.

Ta ari zane da rigar Hansatu. Ta zazzage jakarta, ta sami 'yar kwalbar humra da sauran kaɗan a gindi. Ta shafa a wuya da tafin hannu.

Ta sake yin sallama.

Inna ta ja numfashi, ta ɓata fuska.

"Sai yanzu? Kin bar ni da wata baƙuwa, ta cika mini ɗaki da turare kamar an ɓarar da shago. Me ya sami muryarki?"

"Mura ce, Inna."

"Ba kya jin magana. Sanyin nan kina yawo ba rigar kirki."

Ta miƙo hannu ta karɓi kofin. Ta shanye kunun, ta haɗiye maganinta, ta kwanta.

Ba ta sake kiran sunan ba.

Kwalbar turaren tana nan gaban madubin Suwaiba. Ba ta ƙara fesawa ba, ba ta kuma bayar da ita ba.

Darasi: Akwai iyayen da aka rene su a kan kada su faɗi abin da ke ransu game da 'ya'yansu. Shirunsu ba rashin so ba ne. Kada ku jira sai kun ji da kunnenku kafin ku yarda. Kuma in kuna jinyar tsoho, ku lura da ƙananan abubuwan da yake gane ku da su kafin ku canza su.

In kun san wani mai kula da tsohuwa ko tsoho a gida, ku tura masa wannan ya karanta.