Yaya Alkasum da Jar Motar Kapiten

Ina Kalfu, na durƙusa gaban wani injin niƙa da ya ƙi tashi, sai direban motar kasuwa da ta taso daga Tawa ya zo ya tsuguna kusa da ni. Bai yi mini barkwancin da ya saba ba. Ya ce, "Mumuni, sai haƙuri. Alkasum bakanike ya rasu jiya bayan la'asar, da sahe anka kai shi." Na ajiye sufana, na yi salati, na zauna a ƙasa cikin garin gero. Ban samu jana'izarsa ba, sai zaman makoki.

Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba, amma Yaya nake ce masa tun ranar da muka haɗa rumfar gyaran mota a bayan kasuwar dabbobi, muka yi shekaru masu yawa muna ci a kwano ɗaya. A wurin gaisuwa na ji mutane suna ta cewa marigayi jarumi ne, bai san tsoro ba. Wurin ba na gardama ba ne. Amma ni da na zauna da shi na san ba haka ba ne. Yaya Alkasum matsoraci ne, kuma ba ya ɓoyewa. Yana tsoron kare, yana tsoron allurar likita, kuma in ya hango mai kaki yakan sauya hanya.

Aikinsa kuwa, a hankali yake yin sa. In ya kwance inji sai ya shimfiɗa tsohon farin ƙyalle, ya wanke kowane ƙarfe da isansi, wato fetur, ya jera su yadda ya ciro su. Ban taɓa ganin ya ɗaga guduma cikin fushi ba. Yakan ce mini, "In noti ya ƙi kwancewa, tashi ka sha ruwa. Kai ne ka gaji, ba shi ba." Yana saurayi ya yi aiki ƙarƙashin wani Bafaranshe mai son ƙananan motocin gudu, irin masu kujera biyu da ke tafiya kamar za su shafi ƙasa. A can ya koyi daidaita kabureta biyu, masu haɗa mai da iska, a inji ɗaya, abin da kaɗan ne suka iya a duk ƙasar Adar. Bayan Turawan sun tafi, irin motocin nan suka yi wuya, amma sunansa ya zauna a kansu. Wannan suna ne ya jawo mana abin da zan faɗa.

Shekarar babban fari na biyu ce, wadda gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare suka gangaro, suka kafa bukkoki a bakin gari. Soja ke mulki. Ko a majalisar shayi, in magana ta kai kan gwamnati sai kowa ya duba bayansa. Muna jin labarin waɗanda aka ɗauka da rana tsaka, iyalinsu ba su san inda za su je tambaya ba.

Wata safiya motar soja ta tsaya a bakin rumfarmu tana jaye da wata jar mota mai kujera biyu, ba ta da rufi, ƙura ta cika ta. Wani kapiten ya sauko. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya ce motar wani Bature ce da ya bar ƙasar, yanzu tasa ce, kuma yana so ya shiga gari da ita ranar salla. Ya ce akwai bakaniken da ya taɓa ta kafin mu, ya ɓata masa lokaci, yanzu yana inda yake koyon hankali. Ya bar soja ɗaya da bindiga, ya ce kada mu taɓa motar kowa, kada mu je ko'ina, sai tasa ta tashi.

Suka tafi suka bar mu da sojan. Yaya Alkasum ya zauna a kan taya ya daɗe kafin ya buɗe gaban motar.

Injin ya kafe. Fistan biyu sun manne da silinda saboda tsatsa. Muka jiƙa su da mai, muna bugawa da itace kaɗan-kaɗan har suka saki. Kayan irin motar babu su a Tawa, don haka Yaya ya goge bawul ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya yanka kwali mai kauri ya maye gurbin wanda ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Kaburetocin biyu ya kwance su gaba ɗaya, ya fitar da busasshen mai daga ƴan ramukansu da zaren waya. Duk wannan muna yi sojan nan yana zaune a inuwa, bakin bindigarsa yana kallon inda muke.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, wani dattijo Ba'abzine mai suna Agali ya zo, fuskarsa rufe da rawani. Yana cikin mutanen bukkokin bakin gari. Ya ce injin da ke jawo musu ruwa daga rijiya mai zurfi ya mutu tun shekaranjiya, igiyarsu ba ta kai ƙasa, yara sun fara kwanciya. An ce masa Alkasum ne zai iya. Yaya ya je ya roƙi sojan da ladabi. Sojan ya ce umarni aka ba shi. Agali ya koma gefen hanya ya tsuguna cikin rana.

Da azahar ta yi, sojan ya tafi neman abinci. Yaya ya tattara ƴan sufanu a cikin buhu.

Na ce, "Yaya, ka san abin da mutumen ga ka iya yi."

Ya ce, "Na sani, Mumuni. Wallahi tsoro nika ji har cikin ƙashina. Amma wagga mota ta yi shekaru tana jira ba ta mutu ba. Ɗiyan can ba su kai gobe."

Ya bi Agali, yana tafiya yana waiwaye.

Allah ya ƙaddara ranar kapiten ya zo duba aiki. Ya tarar da inji a warwatse bisa ƙyalle, ni kaɗai a tsaye. Ya tambaye ni ina maigidan. Muna nan tsaye sai ga Yaya ya dawo, wandonsa jiƙe da laka har gwiwa. Ruwan rijiyar ya fito ke nan. Kapiten ya ce, "Daga ina?" Yaya ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya. Marin da kapiten ya sauke masa a kunnen hagu, har masu sayar da awaki suka ji shi. Ya faɗi, jini yana fita daga kunnen. Sojoji suka jefa shi bayan motarsu suka tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Kowace safiya matarsa Zalika takan zo ta tsaya a bakin rumfa da goyo, ta dube ni, in girgiza kai, ta juya. Ba wanda ya yarda ya raka ni bariki. Limamin unguwarmu ya ce mu dage da addu'a, shi ma a hankali ya faɗa. Kapiten ya aiko cewa ni in ƙarasa aikin. Na haɗa injin yadda Yaya ya jera shi, ya kuma tashi, amma yana tari, yana girgiza kamar mai zazzaɓi, baƙin hayaƙi yana fita. Kaburetocin sun ƙi jituwa, ɗaya na shan iska fiye da ɗaya. Da kapiten ya zo ya ji, na tabbata ni ma tafiyata ta zo. Ya dube ni, ya gane aikin sai Alkasum, sannan ya shiga motar soja ya tafi.

Washegari suka sauke Yaya Alkasum a bakin rumfa. Ya rame, leɓɓansa sun tsage, bai dubi kowa ba. Ya ce in tada injin. Ya ɗauki guntun tiyon roba da yake sauraron numfashin kabureta da shi, ya sa baki ɗaya a maƙogwaron ta farko, ɗaya bakin a kunnensa na hagu, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Ya tsaya. Ya ciro tiyon ya busa shi, ya mayar. A nan ne ya gane kunnen ya mutu. Na ga hawaye sun cika idonsa, kapiten yana tsaye a bayansa. Ya mayar da tiyon kunnen dama, ya ce mini, "Riƙa sukundireba, hannuna ba shi tsayawa. In na ce juya, ka juya kaɗan."

Haka muka yi. Yana saurarar wannan, ya saurari waccan, ina juyawa. A hankali tarin ya ragu, girgizar ta kwanta, hayaƙin ya washe, injin ya koma wata irin ƙara mai laushi da ban taɓa jin irinta a rumfarmu ba. Kapiten ya shiga, ya taka ta ya nufi hanyar Barmu. Bayan salla aka sauya masa wurin aiki, motar ta bi shi.

Kunnen bai dawo ba. Duk sauran rayuwarsa, in kana masa magana sai ya juyo maka gefen dama. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da aka yi masa a bariki ba, ko Zalika. Labarin rijiya ma ba daga bakinsa mutane suka ji ba. Tsoronsa na masu kaki ya ƙaru, har ta kai in jandarma ya kawo babur gyara, ni yake turawa, shi ya shige bayan rumfa. Sau ɗaya na tambaye shi, in da za a maimaita ranar, zai sake bin Agali? Ya ce, "Ban sani ba, Mumuni. Kullum ina roƙon Allah kar shi sake gwada ni."

Ya Allah, ga bawanka Alkasum ya zo gare ka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka amintar da shi daga firgicin ranar tsayuwa, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba Zalika haƙurin wannan rashi, ka raya ƴaƴansa bisa imani, ka tsare su daga hannun azzalumai. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da kyau. Amin.