Ƙishirwar Furannin Malam Alu

A Goudel aka haifi Malam Alu, a bakin kogi gefen birnin Yamai, inda kowa ke shuka abin da zai shiga tukunya. Ubansa salati da kabeji ya noma har ya rasu. Shi kuwa Alu, da yake Allah ya yi shi da bauɗaɗɗen hali, sai ya zaɓi fure. Matarsa Zuwera ta yi shekara talatin tana tambayarsa ranar da za ta kaɗa miya da abin da yake shukawa.

Wani Bature ne ya fara ɗaukarsa jardinye, wato mai kula da furannin gida, a unguwar Plateau. Baturen ya koma ƙasarsu, Hajiya Rahina, 'yar kasuwa daga Maraɗi, ta sayi gidan, ta gaji Alu tare da famfo da tiyo. Shekara goma sha tara yana sassabe, yana zuba takin shanu, yana tsince tsutsa da hannu. Abin alfaharinsa shi ne bugenbiliyar da ta lulluɓe katanga, mai ƙayar da ta zane masa hannuwa kaf. Yana sonta, ba ya ɓoyewa.

Ya san halinta sarai. In ka cika mata ruwa, ganye za ta yi ta yi, kore shar, ba fure ko ɗaya. Sai ka hana ta ruwa har ganyen ya yi laushi, sannan ka shayar da ita, a nan ne take fashewa da jan fure.

Da aka sa ranar bikin Hadizatu, autar Hajiya, Alu ya ƙirga makonni a yatsa, ya naɗe tiyo ya rataye. Yana so ranar bikin duk Yamai ta tsaya kallon katangar nan, a tambayi wa ya yi aikin. Bai gaya wa kowa dabararsa ba, don a ganinsa gwani ba ya bayani. Kwana goma sha takwas yana zaune a inuwa yana wasa almakashi, furanninsa na langaɓewa a gabansa.

Hajiya ta dawo daga saro kayan biki ta tarar da haka.

"Malam Alu, mi nike gani? An ɗauke ruwa ne?"

"Akwai ruwa, Hajiya. Ƙishirwa nake ba su."

"Ƙishirwa! Ga biki ya matso, kai kana kashe mini hure da gangan?"

"Kwana uku suka rage, Hajiya. Ki yi haƙuri ki gani."

"Na gani ai. Tsufa ya zo, je ka huta."

Ya so ya ƙara magana, girman kai ya riƙe masa harshe. Ya ɗaure almakashinsa a bayan keke ya koma Goudel, ransa a ɓace ƙwarai.

Washegari aka kawo Ismaël, ƙanen direban gidan, magidanci mai wankin mota, wanda bai san fure ba sai a jikin atamfa. Ya kwance tiyo ya yi ta kwarara ruwa safe da yamma, kamar yadda ya saba yi wa motoci. Ruwan ya zo kusan daidai lokacin da Alu ya tsara. Makon biki katanga ta yi ja wur, har masu taksi na rage gudu.

Alu bai iya zama ba. Ranar ɗaurin aure da hantsi ya tako kekensa ya tsaya tsallaken titi. Bai taɓa ganin katangar ta yi kyau haka ba, sai da idonsa ya kawo ruwa. Baƙi na ɗaukar hoto, ana ta nuna Ismaël cikin sabuwar shadda.

Hajiya ta hango shi, ta yafito shi da fara'a, don ba ta da riƙo. Ta sa aka cika masa leda da shinkafa da nama.

"Ka gani ko, Malam Alu? Shekara goma sha tara kana nan, ashe ruwa kawai suke so."

Ya dubi katangar, ya dubi ledar da ke hannunsa.

"Haka ne, Hajiya," ya ce. "Allah ya sanya alheri."