Dosiyen da Ya Dawo Daga Bakin Ƙofa

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, wata makarantar koyon aikin noma ta buɗe gurbin karatu kyauta, har da ci da kwana. Mahaifina ba shi da ƙarfin riƙe ni a Yamai, don haka in na rasa gurbin nan, karatuna ya tsaya. Sun ce a aika dosiye, wato takardun neman shiga, ta imel kafin ƙarshen wata.

Na sauko Dogon Dutsi daga ƙauyenmu na wajen Sukukutane da takardu goma sha ɗaya a cikin leda, kowacce da hatiminta da tambur, wato kan sarki. Mai siber ɗin bayan tasha, shagon da ake shiga intanet, dattijo ne da ya bar aikin gidan waya. Na roƙe shi ya ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, da launi, yadda ko bakin tambur zai fito. Ya ce za su yi nauyi. Na amsa a hankali cewa gara su fito sarai, kada a ce hatimin jabu ne. Sau huɗu na bi adireshin harafi-harafi. Na danna, allo ya ce an aika. Na rubuta rana da lokaci a littafina, na ruga tasha kada motar kasuwa ta bar ni, don gero ya nuna kuma hannu ya yi kaɗan a gona.

A wurinmu rezon waya sai an hau tudu, wayata kuma ƙarama ce, ta kira kawai. Kwana goma sha biyu ina yankan gero da kwanciyar hankali.

Da na koma siber, saƙo ɗaya na tarar. Ba mutum ya rubuto shi ba, kuma ya iso minti biyu bayan nawa ya fita. Dattijon ya ɗora tabarau ya karanta, ya sauke numfashi.

"Ɗana, ka ga an aika, ka ɗauka an kai."

Ya ce wasiƙar ba ta tashi daga nan ta faɗa hannun mai ita. Tana fara zuwa babbar na'urar da ke riƙe da akwatina na imel, wadda suke kira sabar. Ita ke duba abin da ke bayan alamar nan mai kama da katantanwa, ta tambayi wace na'ura ke karɓar wasiƙun gidan can, ta je ta yi sallama, ta faɗi mai aikowa da mai karɓa da nauyin kaya. Tawa ta yarda ta ɗauka, amma ƙofar tasu ƙarama ce, ta ƙi. Sai tawa ta dawo ta bar mini bayani. Haka suke yi a gidan waya a da, in ji shi, jakar wasiƙu daga Dutsi zuwa Doso, Doso zuwa Yamai, wadda aka ƙi karɓa ta dawo da rubutu a bayanta.

"Da ka tsaya ko ruwa ka sha, da ka gan ta," ya ce.

Wa'adi ya wuce da kwana uku. Dattijon ya rage nauyin hotunan, baƙi da fari, hatimin da ƙyar ake karanta shi, muka sake aikawa. Na zauna kan benci har aka kira la'asar, babu abin da ya dawo. Na tambaye shi ko wasiƙar ta isa ke nan.

"Ta shiga gidan. Ko akwai mai buɗewa, wannan ban sani ba."

Mako biyar ina bin motar kasuwa cikin yashin nan, in buɗe akwati, in rufe, babu amsa. Tun ina zama, har na koma dubawa a tsaye. A na ƙarshe dattijon bai ma tambaye ni ba.

A bakin rumbu na gaya wa mahaifina gurbin ya wuce ni, muna shigar da gero. Ya jefa damin da ke hannunsa cikin rumbu. Sannan ya ce in miƙo masa damin da ke kusa da ƙafata.