Naman Akuyar Surukai

Tun da ciwon daji ya kama Baba a maƙoshi, likitoci a Jos suka sa masa wani ɗan bututu a hanyar abinci don ya riƙa haɗiya. Muka dawo Kafanchan muna ta godiya ga Ubangiji, ashe da sauran aiki. Ƙirjinsa ya dinga ciwo, barci kuwa sai a zaune, don in ya kwanta abin da ya sha yakan taso masa. Ranar da wani ɗan coci ya kawo masa tsire, tsoka guda ta toshe bututun, ko yawunsa bai wucewa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Da ƙyar aka buɗe masa a asibiti, likita ya ce nama kuma sai dai kallo.

Ana cikin haka dangin wanda zan aura suka kawo akuya. A garinmu uban yarinya ne ke fara cin naman. In bai ci ba, bai ba da 'yarsa ba.

Ƙanen Baba ya zuba nama a kwano ya nufi ɗakin da Baba yake. Na tare ƙofa.

"Baba ƙarami, wannan ba zai shiga ba."

"Ke ba ki son auren ne? Ɗan kaɗan kawai zai taɓa."

Ɗan kaɗan ɗin ne ya kusa kashe shi, amma tsofaffinmu ba a ja da su a gaban baƙi. Na karɓi kwanon da ladabin dole, na wuce bayan gida. Na daka naman a turmi har ya yi lukui, na dama da romo, na tace da rariya. Ina daka ina huci, hawaye na zuba. Ba zan zaɓa tsakanin ubana da mijina ba.

Da na kawo wa Baba a kofi a gaban surukai, wani tsoho cikin baƙin ya yi dariya ya ce, "Wannan ai kunu ne, ba ci ba."

Baba bai kula shi ba. Ya miƙe zaune, ya kurɓa, kowa ya zuba wa wuyansa ido. Muka jira. Romon ya wuce.

Ya dubi surukai ya ce, "Na ci. Amma ku sa rana kusa, ina so in kai ta coci da ƙafata."