Inuwar Darbejiya a Bakin Tsohuwar Maƙabarta

Bayan rasuwar Baba, Umma ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta gama, amma ba ta fito ba. A lokacin muna zaune a wani lungu na unguwar Mansur a Makka, hawa na uku, a gidan da tagoginsa ba sa kallon komai sai bayan wani gidan. Kullum da safe ina tafiya aiki unguwar Jarwal, a otal ɗin da nake karɓar baƙi, in dawo in tarar da ita inda na bar ta, a kan darduma, carbi a hannu. Matata ta lallashe ta, ƙannena mata suka lallashe ta. Ba ta taɓa ce wa kowa a'a ba, sai dai ta ce gobe.

Daga baya suganta ya hau, ƙafafunta suka kumbura. Likita ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, dole ta riƙa takawa kullum. A mota muna dawowa na yi ta tunanin inda zan kai ta. Titinmu motoci ne da masu sayar da abinci, ko mai lafiya sai ya yi ta kauce-kauce. Harami kuwa cunkoso ya fi ƙarfinta.

Sai ta ce, “Ka kai ni bakin tsohuwar maƙabarta.”

Na ce, “Umma, ai ba a can Baba yake ba.”

Ta ce, “Na sani.”

Maƙabartar nan an daina binne mutane a cikinta tun ina yaro. Baba ma can bayan gari muka kai shi, inda ake kai kowa yanzu. Ita dai ta rage a tsakiyar unguwa, fili guda da ba a ɗora masa gini ba, an zagaye ta da farar katanga. Na wuce ta sau ba adadi ban taɓa tsayawa ba. Ranar da na kai Umma bayan la'asar na fara ganin wurin sosai. Darbejiya ce jere a gefen katangar ta yamma, manya, rassansu sun leƙa ciki. Iska na ratsowa ta filin ta fito da ɗan sanyi, abin da ba ma samu a lungunmu. Tantabaru sun cika kan katanga. Ƙarar motoci tana nan, amma kamar daga nesa.

Mai gadin wurin wani dattijo ne ɗan asalin Yaman, siriri, gemunsa ya sha lalle. Shi ya shuka bishiyoyin da hannunsa, yana ba su ruwa da tiyo daga famfon alwala. Da ya ga Umma na dogara katanga tana haki, sai ya ɗauko kujerar roba ya ajiye a inuwa, ya ce da Larabci, “Tafaddali ya Hajja,” wato bismillah ta zauna. Ya koma bakin ƙofarsa.

A garin nan mata ba sa shiga maƙabarta, saboda haka a waje take tafiyarta. Makon farko daga bishiya ta farko zuwa ta uku take kaiwa ta zauna. Kafin wata biyu ta fara kaiwa kusurwa ta dawo. Wata maƙwabciyarmu, mutuniyar Maraɗi, ta ji labari ta biyo ta, daga baya suka zama su biyar ko shida, duk tsofaffi. Sukan taka kaɗan, su shimfiɗa tabarma, a zuba shayi. Hirarsu ƙasa-ƙasa ce, Hausa da Larabci a gauraye, kuma ba wadda take zama ba ta fara yi wa na ciki sallama ba. Na lura Umma ba ta taɓa canza wurin zama ba. Kullum gindin bishiya ta huɗu, bayanta jingine da katanga. Na ɗauka inuwar ce ta fi kauri.

A hunturun shekarar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana uku a jere. Bayan mako biyu duwatsun da suka zagaye garin suka yi kore, mutane na ta fita ɗaukar hoto. Wata Alhamis na kai Umma, sai muka tarar mai gadi ya wangale ƙofar gaba ɗaya, abin da bai saba ba. Ya ce wa matan su zo su gani daga bakin ƙofa.

Filin nan da na sani da yashi da duwatsu ya zama kore shar. Ciyawa ta rufe tsakanin kaburbura, filasko ya fito da furanninsa rawaya, duwatsun da aka kafa a kan kowane kabari suna leƙowa ta cikin tsiro, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Matan suka tsaya suna tasbihi. Umma ta daɗe tana kallo, hannunta a kan ƙarfen ƙofa. Da sauran suka koma tabarma sai ta riƙo hannun rigata.

Ta ce, “Yayarka tana ciki.”

Na ce, “Wace yaya, Umma?”

“Wadda na haifa kafin kai. Kwana talatin da takwas ta yi. Zazzaɓi ne. Babanku ya ɗauke ta a hannu ya kawo ta nan, da ya dawo na tambaye shi ta ina aka sa ta, ya ce ta jikin katangar yamma. Iyakar abin da na sani ke nan.”

Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, da 'ya'ya uku, kuma duk rayuwata na ɗauka ni ne ɗan fari. Nan take na tuna yadda Umma ke kiran sunana gatsau, ba ta sakaya shi kamar yadda ƙawayenta ke yi wa 'ya'yansu na fari. A da na zaci zaman Makka ne ya sa ta saki al'ada.

Na ce, “Me ya sa ba ku taɓa gaya mana ba?”

Ta ce, “Ina yarinya a lokacin, ba uwa kusa, ba dangi. Aka ce in yi haƙuri, na yi. Babanku kaɗai ya san fuskarta bayan ni. Da ya tafi sai na ga saura ni kaɗai, in na bi shi shi ke nan, ba wanda zai san an yi ta.” Ta share ido da gefen mayafi. “Shiga ka yi mata sallama. Ni ba zan iya shiga ba.”

Na cire takalmi na shiga. Ƙasar da sauran danshi, ciyawa na taɓa min idon sawu. Na bi gefe a hankali don kada in taka kowa, har na kai jikin katangar yamma. A wurin akwai ƙananan kaburbura da yawa, wasu tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ba, duk iri ɗaya. Ban san wanne ba ne. Na tsaya inda rassan bishiya ta huɗu suka sauko, na yi musu sallama duka, na yi addu'a. Ta bayan katanga ina jiyo ƙarar kofunan shayi da muryar mutuniyar Maraɗi tana ba da labarin jikanta. Kuka ya zo min, na bar shi ya yi ta zuba, don ba mai ganina.

Da na fito Umma ta koma kujerarta. Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna da suka yi taɓo.

Ta ce, “Yaya wurin yake?”

Na ce, “Akwai inuwa. Akwai yara da yawa kusa da ita.”

Ta gyaɗa kai, ta ce, “To, alhamdu lillahi.” Sannan ta faɗa min sunanta, ta sa na maimaita.

Ciyawar ba ta yi wata biyu ba rana ta ƙone ta. Umma ta ci gaba da zuwa har shekara huɗu, kumburin ƙafa ya sauka, ta koma zuwa suna da biki. Ita da kanta ta tara ƙannena ta gaya musu. Da autarmu ta haifi 'ya mace, sunan aka sa mata, kuma Umma ce ta yi mata wankan farko.