Fensirin Baba Kati

Sunansa Abdulbaƙi, amma a Lugbe ba mai kiransa haka. Baba Kati ake ce masa, don shekara goma sha ɗaya ya yi a bayan wata 'yar taga a asibitin sha-ka-tafi na ƙaramar hukuma, yana miƙa kati yana karɓar kati. Mutumin Giwa ne, ta wajen Zariya. Ya zo Abuja a shekarar da sojoji suka koma bariki, ya fara aikin masinja a wani ofis a Garki, har wani babba ya lura da kyawun rubutunsa aka mayar da shi ɗakin ajiyar takardu, daga can aka turo shi asibitin Lugbe. Siriri ne mai furfura a gemu, kullum da fensir a maƙale a bayan kunne, har a sahun salla.

Dokar da hukuma ta kafa ba ta da wuya, shi kuma ya riƙe ta kamar yadda ya riƙe alwalarsa. Masu karɓar maganin ƙanjamau ba a rubuta sunansu a takardar jinya, lamba kawai. Suna da lamba ba sa haɗuwa sai a babban littafi guda ɗaya, littafin yana cikin akwatin ƙarfe, makullin yana rataye a wuyansa. A taga ma lamba yake kira. Ko maƙwabcinsa ne ya zo da safe, in sun gamu a masallaci da la'asar gaisuwar maƙwabta za su yi, ba ƙari.

Sista Janet, shugabar asibitin, takan tsokane shi. "Baba, anya matarka ma ta san inda kake aiki?"

"Ta san ina fita da safe, Sista. Ya ishe ta."

Sai dai Lugbe ta wancan lokaci ba ta da lambar gida. Waɗanda rusau ya koro daga cikin gari suna ta kwararowa, yau fili gobe ɗakuna goma. In mai lamba ya yi wata bai zo karɓar magani ba, dole a neme shi, to a ina? Nan Baba Kati ya ƙirƙiro tasa dabarar. Sai ya juya takardar ya rubuta kwatance a bayanta da fensir: gida na uku bayan tankin ruwa, ƙofa shuɗiya, mijinta mai walda ne. A ganinsa bai karya doka ba, tunda bai rubuta suna ba. Kuma da wannan fensirin ya zaƙulo mutane da dama daga kwance, waɗanda suka riga suka fid da rai.

Shekarar da ake faɗaɗa titin filin jirgi aka kawo wa asibitin kwamfuta. Aka kwashe abin da ke fuskar takardun aka zuba a ciki, tsofaffin kuma aka ɗure su a buhu huɗu. Ranar Juma'a za a ƙone su a gabansa da gaban Sista, su sa hannu. Ranar Alhamis da hantsi aka bugo masa waya cewa yayansa ya rasu. Ya kulle akwatin ƙarfe, ya shafa makullin a wuyansa, ya nufi tashar Jabi. Buhunan bai ko waiwaye su ba. Sista ta ɗage ƙonawa sai ya dawo, ranar Asabar kuma leburori masu fenti suka fitar da kayan sito waje don su sami wurin aiki.

Litinin da safe ya sauka a bakin titi, ya tsaya wajen Iya mai ƙosai kamar kullum. Ta yi masa ta'aziyya, ta ƙara masa biyu, ta naɗe ta miƙa masa. Yana tafe yana ci, sai idonsa ya faɗa kan takardar. Mai ya jiƙa ta har ana hango bayanta. Ya ga rubutu a karkace, da irin wutsiyar da yake yi wa harafin ƙarshe. Ya daɗe tsaye a tsakiyar hanya, 'yan acaɓa suna kauce masa.

Ya koma. "Iya, ina kika samo wannan?"

"Masu fenti suka kawo, Malam. Takarda mai kyau, ba ta yagewa. Kowa ya ɗiba, har mai tsire da masu gyaɗa."

Buhu uku ya tarar a sito. Sista Janet ta yi ƙoƙarin kwantar masa da hankali. "Baba, ai babu suna a jiki. Wa zai gane lamba?"

Sai ya juya mata bayan takardar. Ta karanta, ta sake karantawa, ta jawo kujera ta zauna. Da kanta ta rubuta wa hukuma rahoto ran nan, shi kuma ya roƙe ta ta sa sunansa a ciki. Ta sa.

Kwana tara ya yi yana bin lunguna da ƙunshin tsofaffin jaridu, yana musanya wa masu tuya da masu gashi. Ya tone bola, ya shiga kwalbati har gwiwa. Mutane suka fara cewa mutuwar yayan ce ta taɓa shi. Ya bar su a haka, don wannan bayanin ya fi masa sauƙi. Mafi yawan takardun bayansu fari ne, ba su dame shi ba. Masu fensir a wannan buhun talatin da ɗaya ne, ya san su kamar yatsunsa. Ya samo talatin, wasu a yage, wasu da yaji a jiki. Saura lamba ɗari huɗu da sha bakwai. Ƙofa shuɗiya.

Justina ce. Tana sayar da shinkafa da wake a tashar Jabi, daga ita sai mijinta Solomon suka san halin da take ciki. Shekara huɗu ba ta taɓa fashin wata ba, sai sau ɗaya da ta kwanta, kuma fensirin ne ya kai shi ƙofarta. Ya san direbobi. Ranar da maganar ta shiga tasha, ko ruwan wanke hannu ba mai karɓa daga hannunta.

Bai je gidanta ba, don kada maƙwabta su gan shi. Tasha ya je bayan azahar, da cinkoso ya lafa.

"A'a, Baba Kati! Yau kai ne a ofishina? Zauna, wake ya rage."

Ya zauna a benci ya gaya mata komai, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ludayin yana hannunta, ba ta ajiye ba.

"Wa ya karanta?"

"Ban sani ba, 'yata. Wataƙila an hura wuta da ita. Wataƙila ruwa ya tafi da ita."

"Wataƙila kuma yana aljihun wani."

"Wataƙila."

Ta dubi layin motoci, ta dubi direbobin da ke kishingiɗe a inuwa suna sakace. "Da ba ka faɗa mini ba, Baba. Yanzu duk wanda ya ƙi cinye abinci, ni zan ce ya sani."

Duk da haka ta zuba masa wake, ta tsaya a kansa sai da ya ci.

Wata na gaba ta zo ta karɓi magani, ba ta ɗaga ido ba. Na bayansa ya kira lambar sau uku, benci ya yi shiru. Ya je ƙofa shuɗiya ya tarar an yi mata koren fenti, wasu baƙi a ciki. A tasha wata ce ke tuyar doya a gurbinta. Wani ya ce sun koma gida, wani ya ce Suleja, wani ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ba wanda ya ambaci takarda. Har yau ba a san ko wani mahaluki ya taɓa karanta ta ba.

Hukuma ta ba shi takardar gargaɗi, ta kuma kafa sabuwar doka: kwatance a cikin littafin akwati kawai, ƙonawa kuma a ranar da aka ɗure buhu. Ya ce daidai ne. Ya ƙara shekara uku a taga, kowane farkon wata yana kiran ɗari huɗu da sha bakwai ya ɗan jira, har Sista ta daina yi masa magana a kai.

Yanzu ya yi ritaya, yana nan Lugbe bayan makarantar firamare. Ya daina sa fensir a kunne, amma hannunsa yakan kai wurin. In ka yi masa rakiya za ka gaji, domin ba ya wuce takarda a ƙasa. Sai ya sunkuya, da ciwon bayansa, ya ɗauka ya juya bayanta.