San Noman Nababa

Nababa mahauci ne ɗan mahauci, a Gangaren Marke, wani ɗan gari tsakanin Tsanyawa da Bagwai inda gonaki suka matse juna har akuya ba ta juyawa sai ta ci shukar wani. Gajere ne kakkaura, ga saurin fushi, ga taurin kai, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Bai iya komai ba sai fawa da noma, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

Kasuwar garin ranar Talata take ci, a ƙarƙashin wani tsohon marke. Nan ya tashi, nan ya koyi riƙon wuƙa, nan ya fara ganin Rahmatu ta zo sayen tsire, har ya aure ta.

Sai shekarun nan suka zo. Gyaɗa ce ta fara gudu, sannan ruwa ya ɗauke gero yana bununi, ya bushe a tsaye. Ciwon bushiya ya bi shanu. Kasuwa kuwa ba rana ɗaya take mutuwa ba. 'Yan koli suka fara ɗauke ƙafa, sai masu nono, sai motar da ke kawo mutanen Tsanyawa. Daga baya mata suka zare karan rumfuna suka hura wuta. Masu tafiya ci-rani suka daina dawowa ko da damina ta faɗi, sai dai ka wuce ka ga an toshe ƙofar gida da ƙaya. Duk Talata Nababa yakan je gindin marken ya zauna shi kaɗai, baƙin ciki yana cin sa.

Abin da ya rage masa a duniya sa ɗaya ne, na noma. Ɗan'uwan san ya mutu a bushiya, kuma garma ba ta jawuwa da sa ɗaya, don haka sukan haɗa shi da na maƙwabcinsa Sabo, su yi huɗar gonakin gida biyu. Wannan san ne Nababa ya ce zai yanka, ana tsakiyar bazara, hadari ya fara leƙowa ta gabas.

"Malam, lafiyarka kuwa?" in ji Rahmatu. "Ka yanka ka sayar wa wa? Aljanun gindin marke?"

"Shiru ne ya kashe kasuwa. In aka ji an kayar da sa a Gangare, za a zo."

"In ba a zo ba fa? Ga zafin nan, kafin la'asar ya fara wari. Ko tunkuzar da za a yi kilishi ba mu da ita. Ba sa, ba noma, ba kasuwa. Sai mu ma mu nemo ƙaya."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani, shi ya sa ya tashi ya fita yana faɗa. Da labari ya kai wa Sabo, cewa ya yi, "Ba naka kaɗai za ka yanka ba, har da nawa, don nawan ya zama na ado." Daga ranar ya daina amsa masa sallama.

Nama kaɗai ba ya yin kasuwa. Ana bukatar mai kira, da mai tsayar da mutane in sun zo, da kayan da za su cika ido. Masu hankalin garin duk sun tafi birni, sai waɗanda ake yi wa kallon masu motsi suka rage, su ne Nababa ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da Dabo mai kalangu, makaɗin mahauta tun zamanin uban Nababa. Tsoho ne dogo, yana zaune a wani ɗaki a bayan gari shi da kalangunsa, wadda yake kira Gwaggo. Yakan naɗe ta da zane, ya gaishe ta da safe, in aka kawo masa magana sai ya kara kunne a jikinta kafin ya ba da amsa. Tun da kasuwa ta mutu ba wanda ya sake jin muryarta.

"Baba Dabo, so nake ka fara kiɗa tun ranar Litinin da yamma. In na ga mutane sun taho da safe, sai a kayar da san."

Dabo ya kara kunne ya daɗe. "Gwaggo ta ce ba ta ji ba."

"Baba, sa ɗaya gare ni."

"Ko rabi gare ka. Kiɗan fawa shaida ne, Nababa. Ubana bai taɓa cewa sa ya faɗi ba alhali sa yana tsaye yana tuƙa. Mutum ya baro Bagwai a ƙasa saboda ya yarda da bakin nan nata. Jini ya taɓa ƙasa, na ɗaga makaɗi. Kafin nan ko sarki ne sai haƙuri."

Nababa ya yi lallashi, ya yi zagi, ya koma lallashi. A banza. Ya fito ya san cewa sai ya yanka tukuna zai ga ko akwai mai zuwa, kuma wuƙa in ta wuce ba ta dawowa.

Daga nan ya je wurin Inna Falta, wata tsohuwa da kakanninta suka zo daga Barno tun kafin a haifi kowa a garin. Zanen ƙwarya take yi da ƙarfe mai zafi. Duk gidan da ya tashi sai ta zana shi a ƙwarya, da mutanensa da awakinsu, ta kife a ɗaki, ba ta sayarwa ba ta ba da aro. Ɗakin ya kusa cika. Ta ce za ta fito da su su sha iska, amma wanda ya taɓa mata ɗaya sai ta fasa masa kai.

Na ƙarshe Ɗanliti ɗan kama, mai barkwancin kasuwa da takobin katako da 'yar ganga. Duk wasansa a kan abinci yake, kirarin tuwo, wa'azin fura, shari'a tsakanin wake da shinkafa. Da can ƙato ne mai tumbi. Yanzu Nababa ya same shi kwance a zaure, rigarsa kamar an rataye a ƙusa.

"Wasan tuwo a gaban mayunwata?" in ji Ɗanliti. "Kai dai kana so a yi mini dukan sakwara. To, zan zo. Ko duka ne ai taro ne."

Ranar Talata da hantsi liman ya zo mayanka. San ya biyo Nababa ba tare da an ja shi ba, kamar yadda ya saba bin sa gona. Mahauci ba ya kawar da kai ga yanka, amma ranar Nababa ya kawar. Jini yana taɓa ƙasa Dabo ya warware zane, ya matse Gwaggo a hammata, ya saki kiɗa. Tsigar jikin kowa ta tashi. Tsohon da ko tafiya ba ya yi sai da sanda, ga shi yana zagaya marke yana jujjuyawa kamar saurayi.

Nababa ya yi fiɗa, ya rataye cinyoyi, ya jera tozo da hanta da kayan ciki a kan tabarma, ya hura wutar tukuba. Inna Falta ta jera ƙorenta. Sai jira. Rana ta ɗaga, hanya fayau, ƙudaje ne kawai suka amsa kira. Yana kora su yana duban hanya.

Wajen azahar suka fara ɓullowa ta cikin gonaki. Ɗaya, biyu, sannan ayari, maza da mata, daga ƙauyukan da sautin ya kai. Nababa ya ji kamar ya yi guɗa. Ya gyara tsayuwa, ya wasa wuƙa, ya jira a taya.

Ba wanda ya taya. Suka kewaye naman suka tsaya, ba gaisuwa, ba ciniki, ba hayaniyar nan ta kasuwa. A nan ne ya gane kuskurensa. Shi a lissafinsa na mahauci, in kalangu ta kira masu saye take kira. Bai tuna ba cewa masu sayen sun daɗe da sayar da awakinsu da tasoshin matansu sun ci. Yunwa ya kira da kiɗa, ta kuwa amsa. Wasu a cikinsu rabonsu da ganin nama tun babbar sallar da ta wuce.

Da'irar ta fara matsowa. Na baya suna tura na gaba, yatsun ƙafar na gaba sun hau bakin tabarma. Ƙanshin tukuba ya ƙara ɓata al'amari. Nababa ya ga wani dogon mutum yana haɗiyar yawu, idonsa a kan tozo. Ya san in hannu ɗaya ya miƙa an gama, wawa za a yi, kuma ga wuƙa a hannunsa, ga halinsa da ya sani. Tsoro ya kama shi, ba na su ba, na kansa. Dabo ma ya sassauta kiɗa har ya yi shiru.

Sai aka ji 'yar ganga. Ɗanliti ya kutso tsakiya yana jan takobin katako a ƙasa, ya ɗora hannu a ka ya rushe da kukan ƙarya.

"Jama'a, cigiya nake! Wa ya ga Alhaji Tuwo? Fari ne, mai ƙiba, ba ya fita sai da matarsa Kuka. Tare muka kwana, na farka ba shi ba dalilinsa. An ce an gan shi a tashar Kano ya shiga mota. Ko sallama, Alhaji! Ni da nake sa ka a baki kullum!"

Ba wanda ya yi dariya. Sabo, wanda ya zo ya tsaya a gefe da fushinsa, ya yi tsalle ya shaƙe wuyan rigarsa. "Yaranmu suna kwana da yunwa kana mana iskanci?" Mutane suka yunƙura. Nababa ya ƙanƙame wuƙa har yatsunsa suka yi sanyi.

Ɗanliti bai fasa ba, yana rataye a hannun Sabo ya dube shi ya ce, "Girgiza da kyau, Malam Sabo. In wani abu ya faɗo daga cikin nan, mu raba."

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya, irin wadda ba a shirya ba. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, dariyar ta koma kuka. Sai ta bazu. Wasu na dariya, wasu na share ido, Sabo ya saki riga ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ɗanliti ya tuɓe hularsa, wata tsohuwar dara da ta sha duniya, ya ajiye a kan tabarma.

"Sarkin Fawa, ba ni hanta ta hula guda."

A gidan su Nababa ba a taɓa musayar nama da tsumma ba, abin kunya ne a wurin mahauta. Ya dubi hular, ya dubi rana da ta fara karkata, ya dubi idanun da ke kansa. Ya yanki hanta ya miƙa.

Inna Falta ta taso da ƙwarya ɗaya, wadda ta zana gidan wani Mika'ilu da ya tashi bara. "Riƙe wannan," ta ce, "ba ni na miya. Su ai ba za su dawo ba." Daga nan wuri ya ɓarke. Mai igiya ya kawo igiya, mai kuka ta kwance ƙullinta, wani ya ciro ruwan fartanya daga ƙota. Wadda ba ta da abin da Nababa zai karɓa sai ta juya ta musanya da ta kusa da ita tukuna. Aka fara tayawa, aka fara "albarka", har da rantse-rantse. Dabo ya ɗaga makaɗi.

Kafin magariba ko ƙashi bai rage ba. Nababa ya koma gida da tabarmi da igiyoyi da ƙullin daddawa da hular Ɗanliti, abin da ko ɗan maraƙi ba zai saya ba. Rahmatu ta duba tarkacen ta ce, "To, sai mu ɗaura wa igiyar garma." A makon ruwan shuka ya sauka, shi da Sabo suka shiga gona da garmar hannu, kowa a tasa, ba mai yi wa wani magana. Rabin gonar Nababa a haka ya kwana ba huɗa a shekarar.

Ranar Litinin ya koma wurin Dabo. Tsohon ko kunne bai kara ba. "Me za a kayar gobe?" Nababa ya ce babu. "To, Gwaggo tana barci."

Da safe ya tafi gindin marke hannu rabbana, don ya kasa zaman gida. Ba kiɗa, ba hayaƙi, ba nama. Ya zauna a kan tukubar da ta huce, bayansa yana ciwo saboda huɗa, yana jin ya kashe sansa ne don biki na yini ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

"Salamu alaikum. Baba, kai ne mai kasuwar?"

Wata mata ce da bai taɓa gani ba, da kwandon daddawa a ka, ƙafafunta duk laka. A bayanta, can cikin gonaki, ga wasu suna tahowa da kaya a ka.

"Daga wajen Bagwai muke," ta ce. "Ina zan sauke?"

Nababa ya tashi, ya kama mata kwandon da hannu biyu, suka sauke shi a inuwa.